Kowa Ya Kawo Zanensa

Gezawa,
Ranar Lahadi.

Zuwa ga Hajiya Uwa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, yaya gwiwar taki? Yaya jikin autarmu Hafiza, ɗinkin ya kame? Yaya kuma sabon angon naki Abdulkabir, wanda ya zo duniya jiya-jiya ya ɗauke mini mata zuwa Rijiyar Zaki ko sallama babu? Ki gaya masa ina sane da shi. Mu nan lafiya ƙalau, sai zafin bazara da tuwon maƙwabta, wanda ba zan ce komai a kansa ba, tunda takarda tana iya faɗawa hannun wani.

Kin ce in riƙa kiranki a waya. Na gwada. Ke kina ihu, ni ina ihu, kunnena na hagu kuwa ya riga ni yin ritaya. Gara in rubuta in ba Naziru direba, Hafiza ta karanta miki a tsanake.

Labari gare ni. Kin san doguwar katangar ma'ajiyar ƙungiyar manoma, wadda ke kallon titin Kano. Kin kuma san abin da ke jikinta: fastocin 'yan takara da rana ta cinye, da gargaɗin nan na hana fitsari wanda ba a taɓa jin wanda ya hana ba, da lambar wayar mai maganin basir. To, Khaulat, jikar marigayi Alhaji Mansur mai gyaɗa, ta gama karatun zane a jami'a, ta zo da abokan karatunta daga birni. Sun samo fenti da tsani, suna so a ƙawata katangar daga wannan kusurwa zuwa waccan, kuma ba su yarda su yi su kaɗai ba, sai da masu sana'ar garin nan.

Ƙungiya ta amince, amma da sharaɗi. A gama kafin ruwa ya sauka kowa ya watse gona, kuma kada a yi abin da zai raba kan gari. In aka kasa, mai maganin basir ya riga ya nemi hayar katangar gaba ɗaya. Zai shafe ta da rawaya, ya rubuta sunan cutar da baƙaƙe masu tsayin mutum. Ki duba fa, Hajiya. Duk baƙon da ya shigo garinmu, abin da zai fara tarbarsa ke nan.

Ni aka naɗa shugaban kwamiti. Na tambayi dalili, aka ce ni kaɗai ne ba ni da aikin yi, kuma ba na jin rabin abin da ake faɗa, don haka ba na fushi.

Mun zauna jiya a gindin darbejiyar makaranta. Tasi'u mai fentin mota ya zo da shirinsa: zaki ya danne barewa, ɗawisu ya baza jela, da mikiya a sama, irin dai abin da yake yi a bayan manyan motoci. Hure mai lalle ta ce ita an gayyato ta ne kawai, ba ta ga tafin hannu ko dunduniya a jikin bango ba, balle ta san inda za ta fara. Khaulat kuwa mutanen gari take so a zana, manomi da mai fura da ungozoma, har in mutum ya wuce ya ce ga wane, ga wance. Sai Liman Abdussalam ya gyara zama. Ya yaba wa yaran, ya sa musu albarka, sannan ya ce ta nan yake bi zuwa masallaci kullum, shi da jama'arsa, kuma ba zai sa hannu a zana abu mai rai ba, mutum ne ko tsuntsu ko ƙadangare. Tasi'u ya tambaya ko zakin da ya mutu fa. Liman ya dube shi irin duban da kika sani.

Da aka tashi, na raka Liman, na yi masa alkawari ba mai ran da zai hau katangar nan. Ina juyowa na tarar da Khaulat idonta ya cicciko, wai katangar da ba mutanen gari a jikinta ai labule ce kawai. Tausayi ya kama ni, na yi mata alkawari mutanen Gezawa kaf za su hau.

Sai da na zo gida na cire hula na lura alkawuran nan biyu ba sa zama a tabarma ɗaya. Da kina nan da kin taka mini ƙafa tun a na farkon. Ki sa ni a addu'a, don an fara kai taki gonaki, gabas kuma ta fara haɗa gira da yamma.

Ki gaida Hafiza da maigidanta. Angon naki kuwa ban gaishe shi ba.

Naki,
Malam Sammani.

Gezawa,
Ranar Asabar da la'asar.

Zuwa ga Hajiya Uwa,

Assalamu alaikum. Ina fata kun wuni lafiya, ke da mai jego da ɗan ƙwacen. Naziru ya kawo mini yajin daddawa da saƙonki, wai tun ina saurayi bakina ke riga kaina isa wuri. Na karɓa, na gode, yajin ma ya yi daɗi.

Ki zauna sosai kafin Hafiza ta ci gaba, don abin da ya faru yau ba na jin tsaye ba ne.

Da na rasa mafita sai na ce bari a tara shawara. Wataƙila a garin nan akwai wanda Allah ya ba wata dabara a takarda. Na rubuta shela da hannuna, na ba Nababa mai shela ya zaga da lasifikarsa. Ga abin da na rubuta, ba ragi ba ƙari: duk mai zane, mace ko namiji, ya kawo zanensa bakin katangar ma'ajiya ranar Asabar da hantsi, wanda ya yi kyau za a sa shi a bango kowa ya gani.

Hajiya, na ƙare ƙuruciyata ina koyar da Hausa a firamare, amma ban tuna ba cewa zanen alƙalami da zanen ɗaurawa a rubuce tagwaye ne. A baki ne kawai ake jan ɗaya a datse ɗaya. Nababa kuwa, kin san karatunsa, datsewa ya yi. Ya bi gari lungu-lungu yana shelar a kawo zane na ɗaurawa. Ya wuce ta ƙofar gidanmu ma, na ji ƙarar, na gyaɗa kai ina cewa madalla, aiki yana tafiya.

Da hantsi na saka babbar riga na tafi karɓar takardu. Tun daga nesa na ga taro kamar ranar kasuwa. Tsofaffin mata ne da ƙunshi a ka, waɗanda ba sa fita kuma sun aiko da nasu ta hannun Hure. Maza na gefe suna ƙorafi, wai an ce har namiji, su kuma ba sa ɗaura zane sai za su shiga wanka. Takardar zane ko ɗaya babu. Na nemi Nababa, ya zaro shelar daga aljihu ya nuna mini da yatsa, ya ce Malam, abin da ka rubuta na karanta, in akwai laifi a tambayi alƙalami. Khaulat ta zauna a kan bokitin fenti ta rufe fuska, ban san kuka take ko dariya ba.

Ina neman kalmomin ba da haƙuri, matan suka gaji da riƙo. Hure ta ce tunda an ce za a sa a bango, bari su taimaka. Suka shiga warware zannuwa suna ratayawa a kan katangar, wannan kusa da wannan, har lambar mai maganin basir ta ɓace. Atamfa, saƙi, rini, leshi, tsoho da sabo.

Sai surutu ya canza. Na tsallaka titi don in ji da kunnen dama. Mutane suna bin katangar suna nunawa. Wancan kore mai ganye na ungozoma ne, da shi take fita ko ina aka kira ta. Wancan ja ankon bikin Asiya ne, shekarar da gero ya yi kyau. Wancan mai zobe-zobe na mai furar bakin tasha ne, an san shi kafin a san fuskarta. Wani dattijo ya tsaya gaban wani shuɗi ya ce da shi aka kawo masa matarsa, shi ya ɗauka ya daɗe da zama tsumma. Ba a zana fuska ko ɗaya ba, amma kowa yana cewa ga wance, ga wance.

Na waiwaya na ga Khaulat tsaye kusa da ni, baki buɗe. Ta kama hannun rigata ta ce Baba, ka ga abin da na gani? Na ce mata ai da ma abin da na shirya ke nan. Allah ya yafe mini, ita ma ba ta yarda ba.

Saura Liman. Ya iso bayan azahar, ya bi katangar a hankali, hannu a baya. Da ya kai wani tsohon farin saƙi mai ratsin baƙi sai ya tsaya. Na mahaifiyarsa ne, Allah ya ji ƙanta, yayarsa ce ta kawo. Ya daɗe a wurin. Ya sa hannu ya gyara masa gefe. Daga baya ya ce shi bai ga mai rai a nan ba, sai dai albarkar masu rai da ta waɗanda suka riga mu. A zana. Amma ya nuna wata atamfa mai tsuntsaye ya ce ban da wannan. Tasi'u ya yi tsalle ya shiga maganar, wai to gashin tsuntsu fa, wanda ya riga ya faɗo ƙasa? Liman ya ce gashin da ya faɗo ba shi da rai. Yanzu haka Tasi'u yana gaya wa duk wanda ya tsaya cewa an ba shi fatawar jelar ɗawisu.

Abu ɗaya ya rage mini. Hure ta bi zannuwan da ido, ta ɗaga murya yadda har kunnena na hagu ya ji, wai kowane gida ya kawo sai gidan shugaban kwamiti, ko Hajiya ta tafi da akwatinta ne don ba ta da niyyar dawowa? Aka yi ta dariya. Don Allah ki faɗa mini wanda zan ɗauka, da inda kika ɓoye makulli.

Ki gaida mutanen gidan. Allah ya ƙara wa mai jego lafiya.

Naki,
Malam Sammani.

Gezawa,
Ranar Alhamis.

Zuwa ga Hajiya Uwa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarki da ta yara. Naziru ya ce da aka karanta miki waccan takardar sai da kika ƙware da kunu. Alhamdu lillahi da abin ya tsaya nan.

Na sami makulli a cikin kwallar da kika ce. Na kuma ji umarni: leshin nan mai ruwan zuma da kika saya da za ki Makka, shi za a kai, kada a kai wani, kada kuma Hure ta taɓa shi da hannun lalle.

Yanzu ki yi haƙuri ki ji ni har ƙarshe. Na buɗe akwatin, ƙamshin turarenki ya taso, sai da na zauna a bakin gado tukuna. Na ɗaga leshin, yana da kyau, ba musu. Amma na juya shi na juya, ban gan ki a ciki ba. Sau nawa kika ɗaura shi? Ni dai na fi tuna shi a ninke. A can ƙasa, ƙarƙashin komai, sai ga zanen goyon nan, shuɗin saƙi na rini wanda ya koɗe ya koma kalar sararin safiya, mai faci a gefe inda ɗanmu Kamaruddeen ya tauna lokacin da yake haƙori. Da shi kika goyi 'ya'yanmu tun daga na fari har auta. Da shi nake hango ki daga ajinmu, kina wucewa ta bayan makaranta da tulu a ka da ɗan kai yana lilo a bayanki, in manta inda na tsaya a darasi har yara su tuna mini.

Shi na kai. Na san ba shi kika ce ba. Duk abin da za ki faɗa ki ba Naziru, yana da wuri a bayan mota.

Aiki kuwa ya kankama, sai kin gani. Yaran birni sun wanke katangar sun shafa fari, Khaulat ta raba ta gida-gida da alli. Ana rataya zane a gefe, a kalla, a kwaikwaya a bango da girma. Tasi'u ke haɗa kala, kuma duk shuɗin da ya haɗa sai tsofaffi sun zo sun ce bai kai ba. Hure da ta ce ba ta ga tafin hannu a bango ba, yanzu ba a iya sauko da ita daga kan benci. Ita ke zana furannin da ke haɗa wannan zane da wancan, ta ce bango ya fi amarya, ba ya motsi, ba ya cewa zai je bayan gida. Maza suka ga abin ya yi armashi, suka turo wakili, wai an ware su. Aka ba su layin sama, kowa ya kawo hularsa a kwaikwayi ɗinkinta. Nababa ya kawo har biyu, ya ce shi ne uban tafiyar. Ban iya musa masa ba.

Masu kawo abinci sun fi masu aiki yawa. Kowace tana so a fara nata, don haka fura da ɗanwake ba sa yankewa. Ni aikina riƙe tsani da raba gardama. Babbar rigata ta sami ɗigon kore a kafaɗa, wannan ma ki haɗa shi cikin faɗan.

Damuwarmu sama ce. Jiya hadari ya haɗu baƙi ƙirin, iska ta kwashe mana zannuwa biyu sai a gonar bayan ma'ajiya aka tsinto su, sannan ya watse ba ɗigo. Kusan kashi ɗaya cikin uku na katangar fari ne har yanzu. Mai maganin basir ya zo a kan babur ya tsaya yana kallon gabas yana murmushi. Ban taɓa ganin manoma suna kallon hadari da fuska biyu ba sai bana. Liman ya ce shi ba zai roƙi a jinkirta rahama ba, amma zai roƙi Allah ya sa wa hannuwanmu sauri, ya kuma naɗe hannun riga ya karɓi buroshi ya cike gefen saƙin mahaifiyarsa da kansa.

Ki gaida Hafiza. Ki taya mu addu'a, ko da kina fushi.

Naki,
Malam Sammani.

Gezawa,
Ranar Talata.

Zuwa ga Hajiya Uwa,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Barkanmu da ruwa. Ina fata ya iso ku lafiya, kuma kowa yana cikin ƙoshin lafiya.

Saƙonki na farko a kan zanen goyon ya iso ranar Asabar, Naziru ya faɗe shi yana kallon ƙasa. Wai na tona miki asiri, matan gari suna baje leshi ni na kai tsumma, kuma in kika dawo za mu yi magana. Kalmar dawowar kawai na riƙe, sauran na bar masa.

An gama, Hajiya. Jiya da la'asar, hadari na tasowa, gari kaf ya fito. Wanda bai iya zane ba ya riƙe bokiti, wanda bai iya riƙe bokiti ba ya ba da umarni. Gidan ƙarshe da ya rage a katangar naki ne, don Tasi'u ya yi ta fama bai samo irin koɗewar shuɗin ba, sai da Hure ta ce ya daina neman kala, ya sa farin ya fi yawa kamar an wanke shi shekara da shekaru. Khaulat ta zana har facin, har tabon haƙoran Kamaruddeen. Tana sauke buroshi iska ta juya. Muka rufe wurin da ledar shanyar hatsi, matasa suka danne gefe-gefe, ruwa ya tsuge. Ba wanda ya gudu. Tsofaffi suna guɗa, Nababa yana shela ba wanda ya aike shi, Tasi'u yana tsaye yana kare jelar ɗawisunsa da jikinsa, alhali ta bushe tun tuni.

Da safe aka yaye ledar, ba abin da ya zuba. Shugaban ƙungiyar manoma ya zo ya bi katangar, ya tarar da hularsa a layin sama, ya ce magana ta ƙare, ba haya. Liman ya yi addu'a. Khaulat ta ce in yi jawabi, na ce alkawari biyu na ɗauka, Allah ya cika su da kuskure ɗaya, na zauna. Mai maganin basir ma ya zo. Ya ce ba komai, amma matarsa tana tambaya ko akwai sauran wuri. Hure ta samo mata ɗan gefe.

Yanzu motocin Kano rage gudu suke in sun zo wurin. Abin da ya fi ba ni mamaki, tun da aka fara aikin ba wanda ya tsuguna a gindin katangar. Wa zai iya, zanen uwarsa na kallonsa?

Gaban naki ne aka fi tsayawa. Mata suna cewa ai wannan na Hajiya Uwa ne, kowace tana da labarin ranar da kika ara mata shi ko kika goya mata ɗa da shi. Da leshin ne, da ba wanda zai gane.

Sai ga Naziru yau da saƙo na biyu, wannan karon yana kallona. Ya ce Khaulat ta tura wa Hafiza hoton zanenki na bangon ta waya, Hafiza ta gani ta fashe da kuka, ke kuma kika karɓi wayar kika daɗe kina kallon hoton. Daga nan kika ce a gaya wa Malam facin ya karkace, ba haka kika ɗinka shi ba. Kika kuma ce tunda na riga na fito da shi, a aiko miki da shi, Abdulkabir ya isa goyo.

To, na wanke shi da hannuna, na ninke. Ashe har zanen ma angon naki zai ƙwace. Na yafe masa, ki gaya masa na gaishe shi, kuma ya riƙe da kyau, wurin ya ɗauki waɗanda suka fi shi rigima.

Ga zane nan na ba Naziru, na ɗaurawa, kada Hafiza ta karanta irin karatun Nababa. Ɗaya zanen kuwa ba ya shiga mota. In kina so a gyara facin, sai kin zo da kanki kin nuna. Ƙasa ta jiƙa, gobe za a fara shuka, kuma ban san inda kika ajiye irin wake ba.

Allah ya dawo mini da ke lafiya.

Naki har kullum,
Malam Sammani.